Ayarka ba ta mutu ba, barci take yi: yadda ake tashinta a shuka a buhu a nan Legas

Shekaranjiya bayan la'asar wani maƙwabcina a nan Agege ya tare ni a ƙofar masallaci, ransa a ɓace, wai ayar da ya shuka a bokitin fenti yau sati uku ko alamar tsiro babu, kuma shi ya riga ya gama yanke hukunci, mai ayar ne ya cuce shi ya sayar masa da matacciya. Na ce malam je ka tono min guda biyu. Ya kawo, na goge ɗaya a gefen riga na sa haƙori na fasa, ciki fari tas, ga zaƙi har da ɗan ruwan madarar nan. Na ce to ayarka lafiyarta ƙalau, barci take yi. Ya tsaya yana kallona kamar na sha wani abu.

Nima haka na yi a farko. Maman yara tana kunun aya na sayarwa, kullum gidanmu da aya, to wata rana na ce ni kam bari in gwada shukawa a saman benen da muke haya tunda fili dai a Legas sai a mafarki. Shekara huɗu kenan ina yi, kuma shekarar farko wallahi aya ta gasa min kanta a hannu. Bari in faɗa tun yanzu kada wani ya zo yana zagina daga baya: buhu goma ko ashirin ba za su riƙe miki sana'ar kunu ba hajiya, kasuwa dai za ki ci gaba da zuwa. Abin da za a samu shi ne ɗanyar aya sabuwar tonowa ta yara su tauna, da irin da ka san asalinsa, da kuma daɗin ganin kore in ka hau sama da safe.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, wannan da muke taunawa ba 'ya'yan fure ba ne irin gero ko dawa. Curi ne da yake fitowa a ƙarshen saiwa a ƙarƙashin ƙasa, kamar dankali. In ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba da kyau za ka ga zobe-zobe sun zagaye ta, sannan gefe ɗaya yana da ɗan tsini, to a wajen tsinin nan idanunta suke, daga nan take tsiro. Kuma ita aya ba ciyawa ba ce irin harkiya ko gamba duk da ganyen ya yi kama, danginta daban. Ka kama karan ka murza tsakanin yatsu biyu za ka ji kusurwa uku, ba zagayayye ba ne. Dangin nan su ne su kajiji da mata suke sawa a turaren wuta, da aya-aya wadda duk manomin fadama ya san baƙin halinta, har da ciyawar nan da mutanen Masar na da suke yin takarda da ita. Ita kanta ayar an same ta a kaburburan Masar da suka haura shekara 4,000. Yarbawa a nan suna ce mata ofio, Ibo kuma aki awusa, wato da sunanmu ma suka san ta.

To me ya sa take barci? Wani dattijo mutumin wajen Maraɗi da nake sayen aya a hannunsa a kasuwar Mile 12 shi ya fara buɗe min ido. Na kai masa ƙorafi irin na maƙwabcina, ya yi dariya ya ce ɗana wacce ka shuka, sabuwa ko ta bara? Na ce Baba sabuwa mana, manyan nan masu ruwa. Ya ce ai sabuwar aya ba ta tashi sai ta kwana a rumbu ta huta. Kuma mutanen Maraɗi in suna maganar aya sai ka yi shiru, don yankinsu ne kan gaba a nomanta a Nijar.

Hikimar a fili take in ka yi tunani. A Arewa ana tonon aya bayan damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Da a ce duk ƙwayar da ta rage a ƙasa za ta tsiro da zarar ta ji ɗan danshi, da rani ya ƙone ta tun tana jaririya. Sai Allah ya sa mata birki, akwai sinadarai a ɓawonta da jikinta da suke danne idon su hana shi motsi, kuma suna raguwa ne a hankali, da daɗewa a ajiye, da wankin ruwa, da kuma sanyi. Sannan ba duka idanun suke tashi lokaci ɗaya ba, ɗaya ko biyu ne suke fita sauran su jira, in ka cire tsiron farko wani ya sake fitowa, sai dai na farkon ya riga ya cinye fiye da rabin abincin da ke cikin ƙwayar shi ya sa na biyu yake fitowa siriri. Don haka in taka ta tsiro ka lallaɓa ta, kada ka karya tsiron wajen shukawa kana cewa ai wani zai fito.

Yanzu zaɓen iri. Ni busasshiya nake saye, wadda ta yamutse ta yi tauri, don na san ta yi watanni a ajiye barcinta ya yi sauƙi. Ta 'yan baro da ake yayyafa wa ruwa duk yini a rana a gefen titi, ka saya ka ci, amma ba ta shuka ba ce, in ba sabuwa ba ce mai nauyin barci to ta sha ruwa da zafi har ta fara tsami. Soyayya da mai suga kuwa ba sai na faɗa ba, amma na taɓa ganin wanda ya shuka, Allah ya sa ba ya karanta wannan. Derika ɗaya, wato gwangwanin awon nan na kasuwa, ta yi maka yawa ma. In ka kawo gida ka baza a faranti ka bambance aya da tsakuwa, ka cire masu huji da baƙaƙe da waɗanda in ka matsa suke rugurgujewa, ka ajiye manya-manya masu nauyi. Ka fasa kamar biyar ka gani. Fari da zaƙi tana da rai. Ruwan ƙasa, ko wari, ko ɗaci-ɗacin tsohon mai, wannan ta tafi.

Sai jiƙo. Ka wanke ta sosai, wanki na gaske, kana murzawa tsakanin tafukan hannu kamar mai wankin wake, ka zubar ka sake har ruwan ya daina yin ja. Wannan murzar ba don tsabta kawai ba ce, tana rage abin nan da yake danne idon. Daga nan ka zuba ruwa ya sha kanta ka bari awa 24 zuwa 48. Waɗanda suka ci gaba da yawo a saman ruwa bayan kwana ɗaya ka kwashe ka zubar, yawanci fanko ne. Amma a nan ne Legas take kayar da mutane, zafi da gumin garin nan suna sa ruwan jiƙo ya yi tsami cikin yini ɗaya, duk mai kunun aya ta san da wannan, to lallai ka canza ruwa safe da yamma, in ka ga kumfa a sama ko ka ji warin tsami ka canza nan take ka ɗauraye. Kada ka wuce kwana biyu. Ita ma tana numfashi, in ta daɗe a nutse shaƙewa za ta yi ta ruɓe. Ruwan zafi kuma da wasu matan suke jiƙa ta da shi don ta yi saurin laushi a kai niƙa, wannan na kunu ne, iri in ya sha ruwan zafi ya dahu kenan.

Kafin ka wahalar da kanka da ɗaukar yashi zuwa hawa na biyu, yi gwaji. Wannan shi ne abin da na fi so mutane su ɗauka a duk rubutun nan. Ƙirga ƙwaya 20 daga cikin jiƙaƙƙun, ka samu tsohon tawul ko yankin buhun algarara ka jiƙa ka matse shi har ya daina ɗiga, ka jera su a kai ka naɗe, ka sa a roba ka ɗora murfi ba tare da ka danne ba, ka ajiye a wuri mai ɗumi inda ɓera ba zai kai ba. Ni saman kwabar kicin nake sawa. Kullum ka buɗe ka leƙa, in tawul ya fara bushewa ka yayyafa ruwa kaɗan. Mai rai da ta farka za ka ga wani farin tsinke kamar ƙaya ya leƙo daga tsinin, yawanci cikin mako guda zuwa kwana goma. Ranar kwana 14 ka ƙirga waɗanda suka fito ka ninka sau biyar, shi ne kason da za ka samu cikin ɗari. In 15 ko fiye suka tsiro bismilla je ka shuka. In biyar ne ko ƙasa, fasa sauran ka gani. Sun ruɓe, to irin ne ba kyau, koma kasuwa wajen wani. Suna nan fari da ƙarfinsu, to barci ne, kuma ba laifin kowa.

Mai barcin hanya biyu ce da ita. Ta farko ita ce ta Baba, ka shanya ta a inuwa ta bushe ka zuba a jakar yadi ka rataye wata biyu ko uku ka sake gwaji. Ta biyu firij. Kuma yadda na san ta firij ɗin ma labari ne. Ɗan yayana yana karatun aikin gona a Amurka, da nake ba shi labarin ayata ta waya sai ya ce Kawu ai 'yan uwanta ne suke ba mu wahala a nan. Ashe a tsakiyar Amurka, su Ayowa da Ilinoi da Minesota, da can makeken dajin dogayen ciyayi ne ba bishiyoyi sosai, aka nome shi kusan kaf, a Ayowa ko kashi ɗaya cikin dubu bai rage ba, to yanzu masu son dawo da shi suna tara irin tsirran asali suna shukawa, cikinsu akwai wani jinsi da ake kira Kareks, dangin aya ne, kara mai kusurwa uku shi ma, kuma a duniya ya kai kala kusan 2,000. Su ba curi ake shukawa ba, ainihin 'ya'yan furen ne, ƙanana, kowanne a cikin wata 'yar jaka kamar takarda. In ka watsa su haka kawai da yawansu ba za su fito ba. Sai an haɗa su da yashi mai danshi an sa a firij a sanyin digiri 1 zuwa 5 na wata ɗaya zuwa uku, yawanci kwana 60, don irin ya ɗauka cewa hunturu ya zo ya wuce. Wasu sai an murje jakar nan an cire ta tukuna sun fi fitowa. Sannan ba a binne su, a saman ƙasa ake dannawa don suna buƙatar haske, kuma sun fi tashi in rana da ɗumi dare da sanyi. Wasu na fadama kuma in ka busar ka ajiye 'yan watanni mutuwa suke yi, saɓanin ayarmu da ajiya take gyara ta. Ka ga dangi ɗaya amma kowa da abin da yake jira kafin ya buɗe ido. Nasu yana jiran ƙanƙara ta wuce, tamu tana jiran rani ya wuce, sai dai ita ma tamu sanyin yana tashinta, tunda a ƙasashen sanyi tana kwana a ƙasa duk hunturu ta fito da bazara.

Yadda nake yi: in wanke ayar, in cakuɗa da yashi mai ɗan danshi, wanda in ka dunƙula a hannu zai haɗu amma ruwa ba zai ɗigo ba, in zuba a roba mai murfi in huda murfin da ƙusa wuri uku ko huɗu, in sa a can ƙasan firij wajen kayan miya, sati huɗu zuwa shida. Ban da firiza. In ta daskare ta mutu, ba gyara. Kuma ka rubuta a jikin robar, don tawa ta farko saura kaɗan ta tafi injin niƙa. Babbar matsalar kowa ya san ta, wuta. Karon farko a leda na ƙulle ta da ruwa-ruwa, aka ɗauke mana wuta kwana uku cur, janareta ba mai, da na buɗe ledar nan warin da ya bugi hancina sai da na fita baranda, funfuna fari da kore ta lulluɓe komai, maman yara kuwa ta ce in na ƙara sa mata ƙasa a firij za mu yi ta. Shi ya sa na koma yashi da murfi mai huji, ko an ɗauke wuta yini ɗaya ko biyu ba ta lalacewa, kuma duk mako ina buɗewa in juya in tsince duk wadda ta yi laushi. Gaskiya in layinku ba ya samun wuta sosai ka manta da firij, bi hanyar Baba, ta fi jinkiri amma ba ta cin rai.

Shuka kuma ba wuya. Buhun shinkafa na kilo 50 ka naɗe bakinsa ya dawo rabi, ka huda gindin da gefe-gefe wuri da yawa, ka ɗora a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar fita kuma mai gida kada ya ce ka jiƙa masa simintin saman bene. Ƙasar ta zama mai yashi, awo biyu na yashi, ɗaya na baƙar ƙasa, da ɗan ruɓaɓɓen taki wanda ya huce, zurfinta kamar santimita 25 zuwa 30. Aya 'yar jigawa ce, a taɓo ƙwayoyin ba sa girma kuma tononsu azaba ne. Ka kula da yashin gini na Legas, da yawansa daga lagun, wato ruwan nan da ke haɗe da teku, ake haƙo shi yana iya zuwa da gishiri, ka zuba a buhun ka kwarara masa ruwa sau biyu ko uku ya tsane kafin ka haɗa. Kashin kaji ɗanye kada ka sa, yana ƙona saiwa, kuma taki in ya yi yawa ganye za ka samu har gwiwa ƙasa ba komai.

Rami gaɓa biyu na yatsa, kamar santimita 4 zuwa 5, tsakanin rami da rami kamar faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, buhu ɗaya biyar ko shida sun isa. Tsinin ya kalli sama, in ta riga ta tsiro ka rufe a hankali. Za ka ga kamar wurin ya yi fili da yawa, bar shi, kowace ɗaya za ta aika saiwa gefe ta haifi wasu, nan da wata ɗaya da rabi buhun ya cika. Rana kuwa dole ne, aƙalla awa shida, aya ba ta son inuwa ko kaɗan, in lungu ne tsakanin katanga biyu gara ka shuka ganyen miyan nan ugu.

Lokaci ne mutanenmu suke kuskurewa, suna bin lissafin gida. A Arewa Yuni ko Yuli ake shukawa a tone da kaka. A nan in ka shuka da ruwan farko a Afrilu za ta fito da kyau, amma tana nuna ne cikin wata uku zuwa huɗu, ka ga tono zai faɗo maka a Yuli, tsakiyar ruwa, ina za ka shanya? Ni a Agusta nake shukawa, lokacin da ruwa yake ɗan tsagaitawa, ruwan Satumba da Oktoba ya raine ta, in tone a Disamba da ɗan hunturun da yake leƙo mana. In ka ga kwana uku ba ruwa ka tura yatsa cikin ƙasar, in ta bushe ka ba ta, buhu yana saurin bushewa a saman siminti.

In ganye ya fara yin rawaya yana kwanciya ka daina ban ruwa kamar sati biyu. Sannan ka shimfiɗa tamfol ka kife buhun a kai, ka kama tushen ka karkaɗe, ka tankaɗe yashin da rariya mai manyan ido, wannan aikin yara suka fi so, rabi a kwano rabi a baki. Ka wanke ka baza siriri a inda iska take kaɗawa kana juyawa kullum. Kada ka yi gaggawar ɗurawa a leda, a Balensiya ta ƙasar Sifen inda suke nomanta sosai suna yin nasu kunun da suke kira orchata, kusan wata uku suke yi suna busar da ita a ɗakuna masu iska suna juyawa. Ka ware manyan a matsayin irin baɗi, a jakar yadi ko kwali, ka rataye inda ɓera ba zai hau ba, don ɓerayen Agege sun fi yaranka son aya. Kuma ka tuna waɗannan sababbin sun koma barci, in ka gwada su a tawul a satin da ka tone kada ka yi mamaki in biyu ne suka fito.

Saura gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Kada ka shuka aya a ƙasar tsakar gidan haya, kuma kada ka zubar da tsohon yashin buhu inda ka ga dama. Duk yadda ka tankaɗe sai ƙanana sun tsere, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara suna jira. A lissafin da masana suka yi a 1977 na ciyayin da suka fi addabar gonaki a duniya, aya-aya ce ta ɗaya, ayar daji kuma, wadda jinsinsu ɗaya da wannan da muke ci, ta 16, kuma a Amurka an taɓa bin ƙwaya ɗaya tak aka ga ta haifar da kusan 7,000 a shekara. In kana son bambance su ka tono ka gani, aya-aya curinta baƙi ne a jere kamar carbi ga ɗaci, wadda ake ci kuwa kowace ƙwaya ita kaɗai ce a ƙarshen saiwarta.

Ni na koyi wannan ne bayan na juye yashin buhu huɗu a bayan gida kusa da inda matar mai gidanmu take shuka ewedunta, wato lalo. Disamba, Janairu, Fabrairu shiru, na ma manta. Ruwan farko yana sauka sai ga tsinke-tsinke kore sun cika wurin, Mama ta kira ni ta nuna min da baki ta ce Malam wannan kayanka ne ko? Na ce nawa ne Mama, a yi haƙuri. Yau shekara biyu duk Asabar da safe ina tsugune a wurin da tsohon cokali ina tono. Yanzu tsohon yashi a buhunsa nake barinsa, in ƙara masa taki in sake shukawa a ciki, wanda ya tsiro da kansa kuma in bar shi.